Za mu je kurmin Kakum a watan Disamba, ku ba mu shawara

Maman 'Yan Biyu, Kano: Assalamu alaikum 'yan zaure. Muna da biki a Nima, Accra, tsakiyar Disamba, kuma maigidan ya ce in an watse za mu ƙara kwana uku mu ga gari. Yara sun ga hoton gadar igiyar nan ta Kakum a Facebook, sun hana mu sakat. Mu shida ne: ni da shi, 'yan biyu masu shekara 11, autarmu mai shekara 4, sai Hajiya surukata. Daga Accra ana iya zuwa a dawo a rana ɗaya? Kuma da gaske ana ganin giwa?

Ɗan Nima: Wa alaikumus salam Anti, sannunku da zuwa tun kafin ku iso. Ana iya zuwa a dawo, amma wahala za ku sha. Accra zuwa Cape Coast wajen kilomita 150 ne, a lissafi awa uku, amma cunkoson garin Kasoa da ke kan hanyar shi kaɗai yana iya cinye muku awa guda. Daga Cape Coast kuma sai kun ƙara wajen kilomita 30 arewa, ta hanyar Jukwa, kafin ƙofar gandun a Abrafo. Ku kwana a Cape Coast, ku yi sammako. Motocin suna tashi daga tashar Kaneshie a Accra, ko ku hau bas ɗin STC, kamfanin sufuri na gwamnati, tunda da tsohuwa.

Malamin Jugurafi: Maman 'Yan Biyu, batun giwa ki cire shi a ranki tun yanzu, ki kuma cire wa yaran, don kada su dawo suna kumbure-kumbure. Giwa kam akwai ta a Kakum, giwar kurmi, wadda ba ta kai ta Yankari girma ba, amma tana can cikin duhuwar da baƙo ba ya kaiwa. Ma'aikatan wurin ma galibi sawunta da kashinta suke gani. Mutanenmu na Arewa muna zuwa da idon Yankari, inda ake zama a mota a hango dabba daga nesa saboda fili ne. Kurmi ba haka yake ba. Taku goma a gabanka ganye ya rufe komai, dabbar na jin motsinka tun kafin ka san tana wurin. Wanda giwa ce ta kawo shi Ghana, gandun dajin Mole zai nufa, can Arewa kusa da Larabanga, kuma wannan tafiya ce ta daban.

Abin da ake zuwa gani a Kakum shi ne dajin kansa. Faɗinsa murabba'in kilomita 375, an keɓe shi tun 1931, ya zama gandun ƙasa a 1992. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai rimi ne. Mun san rimi a Zariya, amma na Kakum sai ka ɗaga kai har hularka ta faɗi ba ka ga inda reshen farko ya fara ba, saiwoyinsa kuma sun miƙe kamar katangar ɗaki, mutum zai iya ɓuya a tsakaninsu. Dalili shi ne kowace bishiya tana tseren kai wa ga hasken rana, don ƙasa duhu ne ko da tsakar rana. Shi ya sa ma aka yi gadar a sama: tsuntsaye da birai da furanni duk a can suke rayuwa.

Kawu na Kumasi: Malam ya faɗi gaskiya. Ni kuma in ƙara da cewa wannan irin dajin ne goro yake fitowa. Kakanninmu sun yi ta fataucin Gwanja da jakuna, amma yawancinsu a Salaga suke tsayawa su sayi goron da Asante suka kawo, ba su taɓa ganin kurmin da ido ba. Ku nuna wa yaran, su san daga inda abin da ake rabawa a ɗaurin aure yake zuwa.

Maman 'Yan Biyu, Kano: Allah ya saka, Kawu. To gadar fa? Hajiya tana da ciwon gwiwa, ni kuma ko tsanin ɗaki na hau sai jiri ya ɗebe ni.

Uwar Ɗaki, Takoradi: 'Yar'uwa, na hau sau uku, bari in gaya miki yadda take. Gada bakwai ce a jere, an ɗaure daga bishiya zuwa bishiya, tsawonsu duka ya haura mita 300, a wasu wuraren kuma tsakaninki da ƙasa mita 30 zuwa 40 ne. Tun 1995 aka buɗe ta. Abin takawar katako ne siriri, faɗin mutum ɗaya, amma akwai raga hagu da dama da ta kai kusan ƙirji, da igiyar riƙewa. Faɗuwa ba ita ce matsalar ba, lilon ne. In wani ɗan iska ya biyo bayanki yana tsalle, sai kin karanto duk addu'ar da kika sani. Ki bar masu rawar kai su wuce gaba, ki bi a hankali, ki kalli bishiyar da ke gabanki, kada ki kalli ƙafarki. A jikin kowace bishiya akwai ɗan dandamali da ake tsayawa a huta. Kuma bayan gadar farko akwai gajeriyar hanya ga wanda ya ji ba zai iya bakwai ɗin ba.

Hajiya dai a bar ta a ƙasa. Kafin a kai bakin gadar sai an hau tudu mai matakala na kamar minti ashirin, ga gumi, ga santsi in an yi ruwa. Akwai wurin zama da wurin cin abinci a ƙofar shiga, ta zauna da autar. Ni ba zan hau da 'yar shekara 4 ba, kuma goyo a kan gadar nan ban ba ki shawara ba. Ki sa wando a ƙarƙashin abaya, mayafi kuma ƙarami wanda ba zai sarƙe a raga ba.

Ɗan Nima: Takalmi sau-ciki, Anti, ban da silifa. Akwai kwarkwasa a hanya, in kika taka layinsu za ki yi rawar da ba a yi a bikin ba.

Mai Kallon Tsuntsaye: Ni saɓanina da ku ɗaya ne: kowa gada, gada. Mutum ya yi tafiya daga Kano, ya yi minti talatin a kan igiya, ya ɗauki hoto ya juya. Akwai tsuntsaye sama da iri 250 a wurin, har da manyan cilakowa da in suka tashi za ka ji fikafikansu kamar ana kaɗa tabarma, ga malam-buɗe-littafi iri-iri ɗaruruwa. Da sassafe ake ganinsu, kafin motocin 'yan makaranta su iso da ihu. Ku biya kuɗin zagayen ƙasa da ɗan rakiya, zai nuna muku itatuwan magani da yadda mutanen yankin suke amfani da su. In da maigidan da 'yan biyun za su yarda, akwai ɗakin katako a kan bishiya da ake kwana, a fita yawon dare da tocila. Sai dai a nemi wuri tun da wuri, a kuma tafi da maganin sauro.

Malamin Jugurafi: Disamba kun dace da lokaci. Babbar damina a can Afrilu zuwa Yuli ce, ƙarama kuma Satumba zuwa Nuwamba, don haka za ku samu hanya a bushe. Amma kada hunturun Kano ya ruɗe ku ku ɗebo rigunan sanyi, danshi ne da zafi. Ku guji Asabar da ranakun Kirsimeti, layi ne har ka gaji.

Direba Mai Ritaya: Batun mota. Daga tashar Kotokuraba a Cape Coast akwai tiro-tiro, wato ƙananan bas-bas na haya, masu zuwa garin Twifo Praso, suna sauke mutum a bakin ƙofa, amma ku shida ku yi shatar mota kawai. Ku yi ciniki na zuwa da jira da dawowa, kuma kada ku biya duka sai kun dawo. Ni na taɓa biyan wani ɗan tasi gaba ɗaya, na sauko na tarar ya ɗauki wasu Turawa ya yi gaba. Ku riƙe sidi, kuɗin Ghana, a hannu, kada ku dogara da waya kaɗai. Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, kada ku ce cuta ce, haka tsarin yake. Biza ba kwa buƙata da fasfon ECOWAS, amma katin rigakafin shawara na kowa ya kasance a jaka.

Kawu na Kumasi: Abinci kuma ku ci a zangon Kotokuraba, ga masallaci ga koko da ƙosai da waakye, wato shinkafa da wake, Hausa za ku yi ciniki da ita. Ku tafi da buta da sallaya. In kun sauko da rana, ku shiga kurkukun bayi na Cape Coast ko na Elmina wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482. Amma a nan ma autar ta tsaya waje, ɗakunan ƙasan suna da duhu da nauyi a zuciya.

Maman 'Yan Biyu, Kano: Na gode ƙwarai, duk na rubuta. Na karanta wa Hajiya, ta ce ita da ta hau Dutsen Arfa ba wanda zai bar ta a ƙasa da jika. Uwar Ɗaki, matakalar nan akwai wurin hutawa a tsakiya?

Uwar Ɗaki, Takoradi: Akwai inda ake tsayawa a sha iska. Ku nemo mata sanda, ku bar ayarin ya yi gaba, ku gaya wa ɗan rakiyar tun a ƙasa.