Neman shawara: an ba 'yata aikin tarihi kan gidan wuskin Kilbeggan

Maman Iman:
Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Ayalan. Malamar su Iman ta ce kowa ya rubuta tarihin wani tsohon gini na kusa da shi, ita kuma aka ba ta masana'antar wuski ta Kilbeggan. Babanta ya ce ƙafarta ba za ta taka wurin giya ba. Yarinya tana ta kuka, wai ita kaɗai za a bari a baya. Ni dai na rasa ta cewa. Yaya zan yi?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Maman Iman, ai ko ba ta shiga ba akwai abin rubutawa. An kafa wurin a 1757 a bakin kogin Brosna, iyalan Locke suka karɓe shi a 1843. Hana giya da Amurka ta yi daga 1920 zuwa 1933 da rikicin ciniki da Birtaniya suka karya kasuwarsu, aka daina dafa wuskin, daga baya aka rufe wurin a shekarun 1950. Abin dariya, bayan nan har aladu aka yi kiwo a ciki. Mutanen garin ne da kansu suka tashi suka gyara ginin, suka mai da shi gidan tarihi a 1982.

Hajiya Babba:
'Yar nan, kada ki ja da mijinki kan wannan. Ni na raka baƙi sau ɗaya, ban ƙara ba. Tun 2007 suka koma dafawa, warin sha'ir mai tsami yana bugun hanci tun daga ƙofa, a ƙarshe kuma sai su miƙo wa manya ƙananan kofuna wai a ɗanɗana.

Anti Rabi:
Hajiya ta yi gaskiya, amma tarihi ai ba shan giya ba ne. Ku tsaya kan gada, daga nan ana hango ƙaton wilin da ruwan kogi ke juyawa. Ta zana shi, ta rubuta halin da ma'aikata da manoman sha'ir suka shiga da aka rufe wurin. Ki kuma faɗa wa malamar dalilinku kai tsaye, ba sa ƙin sauraro.

Maman Iman:
Na gode, Allah Ya bar zumunci. Na karanta masa maganar Anti Rabi, ya ce ranar Asabar zai kai mu gadar da kansa, amma shi a mota zai jira.