Naɗin Sarki Charles a tsibiran da ko filin jirgi babu, ya suke nasu bikin?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin tarihi a cikinmu ina da tambaya. Lokacin da aka naɗa Sarki Charles na uku ranar 6 ga Mayu 2023 a cocin Westminster Abbey hankalin kowa yana kan Landan, ga keken doki na zinare ga sojoji ga manyan baƙi, to amma sai naji wai har wasu ƙananan tsibirai can ƙuryar teku da mutanensu basu kai ɗari uku ba suma sunyi nasu shagalin. Abinda ya ɗaure min kai shine mutanen da jirgin ruwa sai yayi kusan sati kafin ya isa wajensu, sarkin ma yawancinsu basu taɓa ganinsa ido da ido ba, me ya haɗa su da bikin? Daga Ingila ake tilasta musu ne ko kuwa har zuci suke murnar? Kuma ma ta ina suke kallo tunda wajen ba kusa ba.

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Daga yadda kika kwatanta, Tristan da Cunha kike nufi, yana kudancin tekun Atlantika, kuma shine ake cewa yafi ko'ina nisa a duniya cikin wuraren da mutane ke zaune dindindin. Daga Cape Town ta Afirka ta Kudu kusan kilomita 2,800 ne, babu filin jirgin sama, sai dai jirgin ruwa na wajen kwana shida. Mutanen basu fi 250 ba kuma gari ɗaya ne tal, sunansa Edinburgh of the Seven Seas.

To batun tilas, ni dai gaskiya ban ga alamarsa ba, sbd in kika duba asalinsu ma da sarautar Ingila aka kafa garin. A 1816 Ingila ta ajiye sojoji a wajen don kar Faransawa su bi ta nan su kuɓutar da tsohon sarkinsu Napoleon da ke tsare a tsibirin St Helena, da aka janye sojojin sai wani kofur mai suna William Glass ya roƙi a barshi ya zauna da iyalinsa, daga nan zuri'ar ta faro, har yau akwai masu sunan Glass a can. Sunan garin kuma daga ziyarar Yarima Alfred ɗan Sarauniya Victoria aka samo shi, ya je a 1867 yana riƙe da sarautar Duke na Edinburgh. Sannan a 1957 Yarima Philip mahaifin shi Charles ɗin ya taka da ƙafarsa ya je ya aza harsashin babban ɗakin taronsu, shiyasa ake kiran ɗakin Prince Philip Hall, kuma a nan suke duk wani taro nasu, biki ne ko rawa ko walima. Kinga ai zumunta a ƙafa take, mutanen da ba kasafai ake zuwa wajensu ba in babban mutum ya keto teku ya zo ba zasu manta ba har jikoki.

Amma abinda yafi taɓa ni shine na 1961. Dutsen tsibirin yayi aman wuta dab da garin, aka kwashe su kaf mutum 264 aka kai su Ingila aka zaunar dasu a Calshot kusa da Southampton, ga wutar lantarki ga shaguna ga aikin albashi, hukuma ma ta ɗauka shikenan sun zauna, sai suka ce a'a su gida zasu koma, suka kaɗa ƙuri'a kusan dukkansu suka zaɓi komawa, a 1963 suka koma kan gonakinsu na dankali. Mutanen da suka ga Ingilar da idonsu suka ce basa so su zauna, ba za'a ce kwaɗayin Ingila ne yasa suke bikin ba. Ni a fahimtata ranar naɗin sarki rana ce da suke jin cewa suma an ƙirga dasu, ana kiran sunan tsibirinsu cikin jerin ƙasashen da ke ƙarƙashin sarkin, su ɗaga tuta su je coci su haɗu a ci a sha yara da tsofaffi, kowa ɗan uwan kowa ne dama.

Dan_Ruwa:
Malam Allah ya ƙara basira. Bari in amsa mata na kallon. Tristan suna kama talabijin ta tauraron ɗan adam, tashar sojojin Birtaniya ce take basu, kuma lokaci bai basu wahala ba, an fara hidimar cocin ƙarfe 11 na safe agogon Landan, su kuma ƙarfe 10 kenan a wajensu. Waɗanda lokaci ya juya wa baya sune mutanen Pitcairn a tekun Pasifik, su ko hamsin basu cika ba, jikokin matuƙan jirgin Bounty ne da suka yi wa kyaftin ɗinsu bore suka ɓuya a can a 1790, a wajensu ƙarfe 2 na dare ne aka fara, wanda duk yake son yaga an ɗora wa sarki kambi kai tsaye sai dai ya haƙura da barci. Sannan kar a manta da kan sarki na wasiƙa, duk lokacin naɗi waɗannan tsibiran suna buga nasu na musamman masu tarawa a duniya su saya, Tristan tun naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953 suka fitar da nasu, kuma wannan kuɗin shiga ne na gaske a garesu bayan kamun lobster (wata halittar teku mai ɓawo, dangin ƙaguwa) da suke fitarwa waje.

Abban_Sadiq:
Malam ina girmama bayaninka amma wlh ba zan iya jin wannan labarin in yi shiru akan mutanen Chagos ba. Suma fa 'yan tsibiri ne a tekun Indiya, suma a ƙarƙashin wannan sarautar suke, amma tsakanin 1968 da 1973 aka kwashe su daga gidajensu aka zube su a Mauritius da Seychelles don a ba Amurka wajen kafa sansanin soja a Diego Garcia, kuma su ba'a basu damar kaɗa ƙuri'ar komawa ba irin ta mutanen Tristan, da yawansu sun mutu basu sake ganin garinsu ba. Ko mutanen St Helena da ake yabo da biyayya, dokar 1981 ta rage musu matsayin zama cikakkun 'yan Birtaniya, sai 2002 aka dawo musu dashi bayan sun daɗe suna kuka. To in ana maganar ɗaga tuta da murna dole a faɗi wannan ma, sarautar bata riƙe kowa da hannu ɗaya ba.

Malam_Tarihi:
Abban Sadiq maganarka dutse, zalunci ne aka yi wa mutanen Chagos kuma babu mai adalcin da zai kare shi. Sai dai ka lura da wani abu a na St Helena, da suka tashi neman haƙƙinsu da takardar da Sarki Charles na biyu ya basu a 1673 suka kafa hujja, wacce ta ce su da zuri'arsu daidai suke da wanda aka haifa a Ingila. Wato sun ɗauki sarautar a matsayin alkawari tsakaninsu da Ingila wanda 'yan siyasa basu isa su warware ba. Shiyasa nake ganin wanda bashi da yawa kuma bashi da ƙarfi yafi kowa riƙe irin wannan ranar da muhimmanci, don in aka manta dashi babu wanda zai ji kukansa daga tsakiyar teku.

Hajiya_Babba:
Ni kuma kun tuna min da Sarauniya Salote ta Tonga, itama daga tsibiran Pasifik ta taso ta je naɗin Elizabeth ranar 2 ga Yuni 1953, ana sheƙa ruwan sama kowa ya rufe keken dokinsa ita ta ƙi a rufe nata, ta zauna ruwa na dukanta tana murmushi tana ɗaga wa mutane hannu, sbd girmamawa ga sabuwar sarauniyar Ingila. Kuma ita fa sarauniya ce mai ƙasarta, ba wanda ya isa ya sa ta. Mutanen Landan sun daɗe suna labarinta.

Ummu_Hanan:
Kai masha Allah, na gode ƙwarai, Abban Sadiq kaima na gode don ban taɓa haɗa labarin Chagos da wannan ba kuma ya sosa min rai. Malam tambaya ta ƙarshe, in mutum yana son ya je Tristan ɗin ya ga irin wannan taron nasu ana bari kuwa?

Malam_Tarihi:
Ana bari Hajiya amma sai an nemi izini tukuna daga majalisar tsibirin, a faɗa musu dalilin zuwa da tsawon zama. Jiragen da ke zuwa daga Cape Town kusan sau goma ne a shekara, yawanci na kamun kifi ne masu ɗaukar fasinja kaɗan, kuma 'yan gari da marasa lafiya da ma'aikata ake fara ba guri kafin baƙo. Ko an isa ma in teku ta yi fushi sai jirgi ya tsaya a waje ana jira, don tashar tasu ƙarama ce sai da ƙananan kwale-kwale ake sauke mutane. Sayen fili kuwa babu shi ga baƙo, ƙasar duk ta al'umma ce.