Neman shawara: firam ɗin injin CNC ɗina ya karkace, kuma yana rawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni kafinta ne a Kano, wata biyar ke nan ina haɗa injin CNC, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa, na sassaƙa katako, wanda zai ɗauki fallen filawud guda, ƙafa huɗu da takwas. Na sayi bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 50 da 50, kaurin bangonsa milimita 2, na kai wa mai walda ya haɗa mini firam a yini ɗaya. Da muka sauke shi a shago, ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa, sai da na cusa mata kwali. Idan injin ya yanka da'ira sai ta fito kamar ƙwai, bakin yankan kuma kamar haƙoran zarto. Gadar da ke ɗauke da sifindil, wato motar da ke juya bakin yanka, ko da hannu na tura ina jin tana motsi. Tokare zan ƙara, ko sabo zan yi? Na kashe kuɗi da yawa, kuma raina na kan injin nan.

Mai walda, Panteka, Kaduna: Wa alaikumus salam. Ƙanena, zafi ne ya ja maka ƙarfen. Duk inda aka zuba walda, idan ta huce sai ta tsuke ta jawo bututun gefenta, balle mai milimita 2. Shekarata ashirin a sana'ar nan, ban taɓa gama firam irin wannan a yini ɗaya ba. Ɗigo ake fara yi a kowace kusurwa, a ɗaure da kilam, a auna da tef daga kusurwa zuwa kishiyarta, awo biyun su zo daidai. Sannan a riƙa walda gajeru, nan kaɗan, a tsallaka ɗaya gefen, a bari ya huce da kansa. Kada a zuba ruwa. Ka ɗaura zare biyu su gitta juna daga kusurwoyi huɗun. Idan a tsakiya ɗaya ya danne ɗaya, ko suka bar rata, firam ya murɗe.

Injiniya, Zariya: Gaskiyar Oga ke nan, amma Malam, ko an yi waldar da kyau, 50 ya yi wa tsawon nan kaɗan. Faɗin bututu ya fi kaurinsa amfani nesa ba kusa ba. Idan ka bar shi a 50 ka ninka kaurin zuwa milimita 4, tsaurin da za ka samu bai kai ninki biyu ba. Idan kuwa ka koma 100 da 100 a kan milimita 2 ɗin, ya haura ninki takwas, alhali nauyin ƙarfen kusan ɗaya ne da na 50 mai milimita 4. Ni dai 100 da 100 mai milimita 4 zan sa a dogayen gefuna biyu da gada, ninki goma sha shida ke nan a kan naka, kuma ya fi jure walda. Ka sa ƙafa a tsakiyar kowane gefe, domin raba tazara biyu na rage lanƙwasa kusan sau takwas.

Mai injin sassaƙa, Maraɗi: Kada ka ɗaura rel, wato layin ƙarfen da gada ke gudu a kai, kai tsaye a kan bututu, samansa ba shafaffe ba ne, kuma milimita 2 ba ya riƙe zaren noti. Na yi haka na sha wahala. Ka yi waldar faffaɗan ƙarfe mai milimita 10 a kai, a kai wa masu injin milin, mai shafe saman ƙarfe, su share, ko ka zuba ifoksi, wato ruwan gam mai daskarewa, irin mai kwanciya da kansa. Busasshen yashi a cikin bututu na kashe karkarwa, amma ba ya ƙara tsauri.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na gwada zaren da asuba, ratar ta kai kaurin fensir. Oga, shi tsohon firam ɗin fa, asara ce?

Mai walda: A'a. Ka yanka shi da giranda, ka yi tokare na gicciye tsakanin ƙafafu da sandunan da ke ƙarƙashin filawud, nan 50 ya wadatar. Gefunan biyu kuma ka haɗa su da sandunan tsakiya da noti, ba walda ba, don ka iya daidaitawa daga baya. Idan ka sayo ƙarfen, turo mana hoto kafin a kunna injin walda.