Na same shi a ƙidayar 1921, daga nan sawu ya ɓace

Jama'a, ina neman taimakon waɗanda suka saba bin salsala ta tsofaffin takardu. Ƙanen kakana ya tafi Ingila aikin jirgin ruwa, bai dawo ba. Dattawanmu sun ce ya yi aure a can har ya haihu. Jikokinsa nake nema.

Na same shi a ƙidayar jama'ar Ingila ta 1921, ko da yake an rubuta sunan yadda kunnen Bature ya jiyo. Daga nan sawu ya ɓace. Takardun ƙidayar 1931 sun ƙone a 1942, ba a kuma yi ta 1941 ba saboda yaƙi. Saura rajistar 1939, wato jerin sunayen mazauna ƙasar gida-gida da aka yi a farkon Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai gidan da nake kyautata zaton nasa ne, amma an rufe layuka biyu da baƙi, domin ana ɓoye duk wanda bai kai shekara 100 da haihuwa ba, sai an tabbatar ya rasu. To, ai su ɗin nake nema!

Ta ina zan ɓullo? Rajistar haihuwa da aure zan bi, alhali 'ya mace kan koma amfani da sunan miji? Ko gwajin DNA ya fi? Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya haska mini.