Ina ake sa "lonely", ina ake sa "alone"?

Ɗalibar Kongo:
Assalamu alaikum malamai. Ina taya ƙannena shirin WAEC, sai muka yi saɓani kan wata jimla. Daidai ne a rubuta "My grandmother lives lonely in Tudun Wada" idan ana nufin kaka tana zaune ita kaɗai? Sannan wanda kewar gida ta dame shi, da wannan kalmar zai faɗa?

Malamin Turanci, Tudun Jukun:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Jimlar ba ta yi ba, kuma ta fuska biyu. Ta fuskar ma'ana, "alone" tana nufin babu kowa tare da mutum, shi ke nan, ba ta faɗi yadda yake ji ba. "Lonely" kuwa ciwon kaɗaici ce a zuci, mutum ya ji ba shi da abokin hira ko mai tuna shi. Kaka tana iya zama ita kaɗai hankalinta kwance, jikoki suna leƙowa safe da yamma: "She lives alone, but she is not lonely." Sabon ɗalibi kuma yana iya kwana a ɗaki cike da mutane a Samaru, bai san kowa ba, ya ce "I feel lonely", kuma ya faɗi daidai.

Ta fuskar nahawu, wutsiyar -ly ce ke yaudarar yara, su ɗauka bayanau ce irin "slowly". Sifa ce, 'yar gidan su "friendly" da "lovely". Tana bin "be", "feel" ko "get", ko ta zo gaban suna: "a lonely widow". Ba ta bayyana yadda aka yi aiki, shi ya sa "lives lonely" da "walked home lonely" ke shan jan biro. "Alone" tana bin aikatau lafiya lau, amma ba ta shiga gaban suna. Ba a cewa "an alone man", a nan "lone" ake sawa: "a lone traveller". Ki gyara musu: "My grandmother lives alone in Tudun Wada."

Anti Mai Lesin, Sabon Gari:
Malam ya gama da ta farko. Kan batun kewa, ƙanwata, ku yi hattara, don a nan Hausa ke jan hannun yara. Kewa tana da wanda ake yi wa ita, "lonely" ba ta ɗaukar karɓau, wato sunan wanda aikin ya faɗa kansa. "Ina kewarki" shi ne "I miss you". Kewar gida tana da kalmarta daban, "homesick". Idan kuma mutum da kansa ya zaɓi ya kaɗaita don karatu ko tunani, yana jin daɗin hakan, "solitude" ce. Ana kuma siffanta wuri da "lonely": "a lonely road" hanya ce da ba kowa a kanta. "Lonesome" Amurkawa suka fi amfani da ita, ni ba na ba ɗan jarrabawa shawarar ya neme ta.

Tsohon Malami, Kofar Doka:
Ku kula da rubutun, nan maki ke zubewa a banza. Harafin e ba ya faɗuwa: l-o-n-e-l-y. Yara da yawa "lonly" suke rubutawa saboda kama da "only". A suna y ce ke komawa i, e tana nan daram: "loneliness". Haka ma "lonelier" da "loneliest". Wajen furuci gaɓa biyu ce, e ɗin ba a jin ta, kada su cusa wasali a tsakiya su ce lo-ni-li.

Ku kuma nuna musu "alone" a wasu wurare da ke fitowa a tambayoyin zaɓi. "Leave me alone" ka ƙyale ni ne. "Let alone" ballantana ne: "He cannot buy a bicycle, let alone a car." Idan "alone" ta biyo bayan suna kai tsaye tana nufin shi ne kaɗai: "Musa alone passed", wato Musa kaɗai ya ci. Ko ɗaya daga cikin ukun nan "lonely" ba ta shiga.