Alamar + tana aiki a ajina na Python, amma sum ya ƙi

Ɗalibin Kwamfuta:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina rubuta ƙaramar manhaja da Python domin lissafin cinikin shagon yayana, na ƙirƙiri aji (class, wato sabon nau'in bayanai) mai suna Kudi wanda yake riƙe da adadi da nau'in kuɗin, naira ko sefa, tunda muna da abokan ciniki daga Maraɗi. Na rubuta masa __add__ domin alamar + ta iya haɗa kuɗi biyu, kuma a + b yana fitowa daidai. Amma da na zuba cinikin yini a jeri na kira sum(jeri) domin ya tara mini jimla, sai ya ba ni saƙon kuskure na TypeError yana ambaton int, wato lamba zalla, alhali babu lamba zalla ko ɗaya a jerin. Daga ina ta fito?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Daga sum ɗin kansa ta fito, domin yana fara tarawa ne daga 0. Wato aikin farko shi ne 0 + kuɗinka, kuma Python yana fara tambayar abin da ke hagu. Int bai san ajinka ba, sai ya mayar da NotImplemented, wato bai iya wannan haɗin ba, daga nan Python ya juya ga abin da ke dama yana neman __radd__, wato takwaran __add__ na ɓangaren dama, wanda ba ka rubuta ba. Ka rubuta shi, matsalar za ta kau.

Malamar Lissafi:
Bayanin Malam daidai ne, sai dai ni ban so Kudi ya saba karɓar lamba marar nau'i ba. Sum yana karɓar mafari, wato abin da zai fara tarawa daga gare shi, saboda haka ka ba shi sifilin naira, wato sum(jeri, Kudi(0, "naira")). Abin da ya fi damuna shi ne sefar nan: idan __add__ ɗinka adadi kawai yake dubawa, zai haɗa naira 5,000 da sefa 5,000 ya ba ka 10,000 ba tare da ƙorafi ba, kuma kuskure irin wannan sai ranar rufe lissafi yake bayyana. Ka sa ya ƙi tarawa duk lokacin da nau'in ya bambanta. 

Ɗalibin Kwamfuta:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na gwada mafarin ya yi aiki, kuma da na koma na duba, Malama, ashe __add__ ɗina ko kallon nau'in kuɗi ba ya yi. Yanzu nake gyara shi.