Tururi ya wuce digiri 100 amma ɗigon ruwa na nan, ina lissafina ya kuskure?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa injiniyoyi. Ina aikin kammala digiri kan bututun ƙarfe da muke ɗumamawa da lantarki, tururi ɗauke da ƙananan ɗigon ruwa yana ratsa cikinsa. Mako uku ke nan na cije a wuri ɗaya.

Na ɗauka duk zafin da bangon bututun ya bayar zai fara ƙarewa wajen mayar da ruwan ya zama tururi, wato kilojul 2257 na zafi ga kowane kilo na ruwa, don haka tururin ba zai haura digiri 100 ba sai ɗigon ƙarshe ya ƙafe. Amma a bakin fita ma'aunin zafi yana nuna kusan 140, kuma da idona nake ganin ɗigon suna jiƙa gilashin da na kara.

Bangon yana wajen digiri 300. Zargina shi ne ɗigon ba sa manne masa, suna ta rawa ne a kan siririn tururinsu, kamar ruwan da aka yayyafa wa tanda mai zafi, abin da ake kira tasirin Leidenfrost. In haka ne, bango tururi yake ɗumamawa, tururin kuma ya ɗumama ɗigon a hankali.

To, zan iya amfani da ƙa'idar Dittus-Boelter, wadda ake lissafa yadda zafi ke wucewa tsakanin bangon bututu da abin da ke gudana a cikinsa da ita, ga tururin kaɗai, sannan in lissafa ƙafewar ɗigon daban? Girman ɗigon fa, ta yaya zan ƙiyasta shi ba tare da kyamara mai sauri ba? Ina kuma tsoron ɗigon suna jiƙa kan ma'aunin, ya zamana zafin gaskiya ya fi 140.

Don Allah wanda ya taɓa wannan aiki ya taimaka mini.